Manomi a Duƙe

Daren Laraba, Roni

Kwana uku ke nan ina tsoron farar takardar da hedimasta ya ba ni. Manomi zan zana wa 'yan aji biyu, kuma babu wata takardar idan na ɓata ta.

Da la'asar na tambayi Iya Hajjo mai zanen ƙwarya ta ina take farawa. Ta ce, "Malam, ni sai na shafa ƙwaryar ta yi ɗumi, sannan in ɗauki wuƙa."

Na shafa takardar, na lumshe ido. Sai ga Baba, Allah ya jiƙansa, a duƙe cikin gero a gindin dutse. Daga gadon bayansa na fara. Fuskar ce ta ƙi zuwa. Na bar shi a duƙe, dama haka na fi saninsa.