Rigar Baba a Jikin Maci Amana

Ummu Salma, sanyin idona, inuwar gawo a tsakar rani, ruwan randa ga mai doguwar tafiya,

Da wace fuska zan gaishe ki? Kwana tara ke nan ina zagayawa ta bayan kasuwa don kada in bi ta ƙofar gidanku.

Kin tuna ranar da kika miƙo mini shuɗiyar babbar rigar mahaifinki, kina dariyar nan taki mai kama da saukar ruwan fari? Kika ce ita mahaifin naki, Baba Shekara, yake sawa a dandalin ƙungiyar samariya, lokacin da shi da amininsa Baba Manu suke wasan kwaikwayon da nake son mayarwa fim. Wasansu na abokai biyu ne da suka yi faɗa kan rijiya, suka shirya. Ni kuwa, sarkin wayo, na ce tsofaffi ba su gane labarinsu ba. Na mayar da rijiyar kujerar mulki, na zuba waƙoƙi shida, na sa aboki ya sayar da aboki. Rigar fa? Wayyo ni! Maci amanar na sanya wa, don kawai ta fi kyau a hoto.

Wa zai kasa gane rigar nan a Matamaye? Wa ya manta Baba Shekara ne ya kayar da Baba Manu a zaɓe? Da aka nuna fim ɗin a gidan matasa, samari suka yi ta tafi suna waiwayen mahaifinki. Baba Manu ya tashi, ya kama hannunsa, suka fita tare. Ke kuma kika rufe fuska da mayafi.

Mu 'yan yau, da jam'iyya ta raba mu sai mu goge lambar juna a salula. Su shekara talatin suna jefa ƙuri'a daban, suna cin tuwo a akushi ɗaya. Ashe ni ne ban gane ba. Kunya nake ji, masoyiyata, har abinci ya daina shiga. Fim ya bazu har garin Kance, ba ni da ikon kamo shi.

Jiya na je wurin Baba Manu. Ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu, sannan ya ce, "Tashi, ɗan nan. Gobe bayan la'asar zan kai ka wurin Shekara, ni zan roƙa maka. Bai taɓa ce mini a'a ba."

Saura ke, tauraruwata, wadda ba ni da mai roƙa mini a wurinta. Ko kin yafe ko ba ki yafe ba, ba zan duba wata ba.

Naki har a rufe ni da ƙasa,
Rabi'u