Ramin Dage a Bayan Riyad

Yaya Maiwada,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya su Turai?

Ina lafiya, kada ku damu. Sai dai na yi suɓutar baki, na gaya wa kafilina, wanda nake wa tuƙi, cewa gidanmu mafarauta ne. Ran Juma'a ya kai ni daji, ya tura ɗan karensa ramin dage, ya ce in haƙa. A gida wa zai tambaye ka? Nan kuwa an ce laifi ne, kuma hoton da ya yaɗa ni kaɗai ne ciki, riƙe da shebur. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, tana hannunsa. Jibi za mu koma dajin.

In Inna ta tambaya, ka ce tuƙi kawai nake. Amma ta ƙara addu'a.

Ƙaninka,
Uwais, unguwar Manfuha, Riyad