Rawanin da Ba Ya Warwaruwa

Jidda, 2 ga Ramadan

Zuwa ga ƙanena Mirgani,

Assalamu alaikum. Ina fata azumi ya same ku lafiya, kai da Nafisa da yara. Ka sumbaci kan Baba a madadina, ka ce masa maganin idonsa yana hannun wanda ya kawo wannan takarda.

Ka tambaye ni wane aiki nake yi takamaimai, tunda Baba yana gaya wa kowa ɗansa Dafalla yana ciyar da mutum ɗari biyar kullum da magariba. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya tambaya sai kai, malamin makaranta. To ga amsa, amma ta tsaya tsakaninmu.

Mutum ɗari biyar ɗin gaskiya ne. Otal ne babba a bakin teku. Kafin la'asar an jera tebura, ga gasasshen rago kwance bisa shinkafa, ga sambusa kala shida, ga miyar alkama, ga dabino irin wanda ban taɓa saye da kuɗina ba. Sai dai ba ni nake ciyar da kowa ba. Ni a ƙofa nake tsaye da littafi. Wanda ya kama tebur tun da wuri, sunansa yana ciki, in ce masa bisimilla. Wanda babu sunansa, in ce ya yi haƙuri. Aikin ke nan. Tun farko abin da na rubuta wa Baba shi ne ina tsayawa a ƙofar gidan da ake shan ruwa. Sauran shi ya ƙarasa da kansa, ni kuma ban gyara masa ba.

Sun sa mini farar jallabiya da rawani, wai rawanin Sudan yana yi wa ƙofa kyau. Rawanin ɗinkakke ne, kifa shi ake yi a ka kamar kwano. Idan aka kira salla ina da dabino uku a aljihu, in ci a tsaye. A daidai lokacin nakan tuna ku a bakin titin Madani, an shimfiɗa tabarmi, Baba ya warware rawaninsa, ni na kama baki ɗaya kai ka kama ɗaya mun tare titi, direban bas yana zagi yana dariya, Baba yana rantsuwa ba mai wucewa sai ya sauko ya ci tuwon asida.

Ba na cewa ana zaluntata. Manajanmu Ustaz Nadim, ɗan Lubnan, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Gajiya ce kawai, da gwiwa.

Ka gaida kowa da sunansa.

Yayanka,
Dafalla

*

Gida, 9 ga Ramadan

Zuwa ga Yaya Dafalla, sarkin ƙofa,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, magani ma ya iso. Baba ya ce maganin yana da ƙamshin kuɗi amma har yanzu ba ya bambance ni da akuya sai na yi magana.

Kowa lafiya. Idon Baba ne dai ya ƙara ja baya, amma kullum sai an kai shi bakin titi. Yanzu ni da maƙwabcinmu muke riƙe rawanin, shi yana zaune yana ba da umarni. Jiya motar siminti muka tare.

Sirrinka yana nan, ko Nafisa ban gaya wa ba. Sai dai akwai magana. Ka san Baffa Babikir, tsohon direban nan da rawanin Baba ya tare shekara arba'in da suka wuce, tun daga ranar suka zama aminai. Zai tafi Umra ta jirgin ruwa, kuma a dawowa zai kwana biyu a Jidda. Shekaranjiya bayan an sha ruwa, a gaban mutane, Baba ya kama hannunsa ya ce, "Babikir, in ka sha ruwa a wani wuri a Jidda ba wurin ɗana ba, ni da kai mun ɓata." Baffa ya ce, "To in na je da mutane fa?" Baba ya ce, "Je da jirgin gaba ɗaya. Wanda yake ciyar da ɗari biyar, ku ne za ku gagare shi?" Ni na riƙe kofina ina kallon ƙasa. Ni ne ma aka sa na rubuta masa sunan otal ɗin.

Don haka ka shirya. Ka tare shi a wani wuri, ko ka nemi hutun yini ɗaya, kai ka san yadda za ka yi. Ban samu mai tafiya ba a makon nan sai shi Baffan, shi ya sa na liƙe ambulan da kyau, na kuma roƙe shi ya aiko maka da ita da zarar ya sauka.

Nafisa tana gaisuwa.

Ƙaninka,
Mirgani

*

Jidda, 21 ga Ramadan

Mirgani,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka.

Takardar gargaɗinka ta iso, a hannun wanda kake gargaɗina a kansa, bayan abin ya riga ya faru. Bai aiko ta ba. Ya ce amana ce, hannu da hannu zai ba ni.

Ranar Alhamis ne, ranar da ta fi kowace cika. Saura minti goma a kira salla, motoci sun yi layi, kaina yana cikin littafi. Na ga ƙafafun mutum uku a gabana cikin silifas, ban ɗaga kai ba na ce, "Barka da zuwa, da sunan wa aka kama tebur?"

Aka ce, "Da sunan ubanka Awad."

Na ɗaga kai. Baffa Babikir ne da wasu tsofaffi biyu, kawunansu a aske, kowa da ledarsa. Mutumin da ya goya ni a wuya ya kai ni kallon jirgin ƙasa. A bayansu wani iyali yana jira, maigidan yana duba agogo. Ustaz Nadim yana tsaye can ciki yana kallonmu.

Zan gaya maka yadda aka yi ba ragi. Na ce, "Baffa, yau wuri ya cika." Kuma da gaske ya cika. Amma ko da bai cika ba, abin da zan faɗa ke nan.

Ya leƙa ta gilashi ya ga tebura, ya dawo da ido kaina. Bai ɓata rai ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Akwai masallaci kusa?" Ya zaro takardarka ya ba ni, suka juya.

Na shigar da iyalin nan. Na shigar da wani bayansu. Sai na ajiye littafin na bi su Baffa.

A bakin babbar ƙofar waje na same su, ladan ya fara. Na ce su zauna nan, ba inda za su. Na cire rawani don in shimfiɗa musu, na ja, na sake ja, ya ƙi. Baffa ya karɓa ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce, "Wannan rawani ne ko kwando?" Ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Haraminsa ya ciro daga leda muka shimfiɗa. Dabino uku, mu huɗu, Baffa ya raba nasa da ni. Can sai ga Usta Ragab, Bamisiren da yake dafa mana abincin ma'aikata, da tukunyar miya da gurasa, yana cewa, "Ku Sudanawa, ko a Aljanna sai kun fito bakin titi." Wani ɗan Pakistan mai tasi ya rage gudu yana kallo, Baffa ya miƙe ya tsaya a gaban motar ya ɗaga hannu, sai da mutumin ya sauko. Ka san tsohon direba, ya san inda ake tsayawa. Rabona da in sha ruwa a zaune tun ina gida.

Washegari Ustaz Nadim ya kira ni. Ya ce, "Dafalla, ƙofa ta yi minti ashirin ba kowa. Iyali biyu sun zauna a teburin da ba nasu ba, masu teburin sun buɗe baki a tsaye. Su ma azumi suka yi." Gaskiya ya faɗa. Bai kore ni ba. Ya mayar da ni ƙofar baya, inda motoci suke sauke kifi da kayan miya. Sun karɓi jallabiyarsu da kwandonsu. Layin bayan matsattse ne, yana wari, kuma kullum magariba tana kama direbobi biyu ko uku a can suna jiran a sauke musu kaya, kowa a cikin motarsa.

Duk wannan ba shi ya dame ni ba. Na raka Baffa tashar jirgi na ce, "Me za ka ce wa Baba?" Ya ce, "Ni ban iya yi wa Awad ƙarya ba, ya san muryata."

Tsohon nan shekara goma sha ɗaya yana alfahari da abin da babu. Ka rubuto mini yadda ya karɓi maganar, kada ka sa mata sukari.

Yayanka,
Dafalla

*

Gida, 4 ga Shawwal

Yaya,

Wa alaikumus salam, barka da salla.

Baffa ya faɗa wa Baba duka, har tambayar teburin, har wuri ya cika. Baba ya saurara har ƙarshe. Ranar bai ci abinci sosai ba, washegari ma bai tada maganar ba. A rana ta uku ya aika aka kira Baffa, ya yi masa tambaya ɗaya: "Da ya biyo ku, da tafiya ya zo ko da gudu?" Baffa ya ce, "Da gudu, ya tattare jallabiya har gwiwa kamar mai kora akuya."

Ƙunshin da ke tare da wannan takarda rawanin Baba ne, wanda ka sani. Na ce masa mu da me za mu tare titi baɗi, ya ce ina da albashi, in sayi nawa.

Ya ce in tambaye ka faɗin layin bayan otal ɗin. Rawanin nasa kamu tara ne. In bai kai ya tare layin ba, ka ɗaura da na wani.

Ƙaninka,
Mirgani