Auta da Waƙoƙin Mutanen Sin

Stratford, Landan
Farkon Yuli

Zuwa ga uwargidana Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Ki gaishe ta da kyau, ki gaida Yaya Zulkiflu da iyalinsa. Mu nan lafiya lau.

Na zaɓi rubutu ne saboda tun da maganar Zarah ta taso ba ma sauraron juna a waya. Maƙwabciyarmu Anatu za ta zo Kano, ita za ta kawo miki.

Kin ce in je in ga matar da ta juya wa autarmu kai, har take neman barin gurbin karatun likita saboda adabin mutanen Sin. Na je ranar Asabar. Ajin da take koyarwa yana saman wani kantin littattafai kusa da Charing Cross. Sunanta Malama Lin, 'yar tsohuwa ce mai fama da ciwon gwiwa, ta daɗe da yin ritaya. Na shirya maganganuna tun a cikin jirgin ƙasa, na zauna a baya ina jiran a tashi.

Sai ta fara karanta waƙoƙinsu mafi tsufa, na wajen shekara dubu uku. Kowane ɗango kalma huɗu ne kawai. Da ta fassara, ashe wata mata ce ke tsinkar ganye a jeji tana jiran mijinta da aka tafi da shi yaƙi. Ta ce a bakin manoma da mata aka tattaro da yawansu. Daga nan ta ɗauko wani rubutu na zamanin daular Han, wanda marubucinsa ya cika shafuka yana lissafa itatuwa da namun dajin da ke gandun sarki. Wallahi kamar ina jin maroƙi a ƙofar fada. Abin ya tsaya mini a rai. Mutanen da suka iya faɗin baƙin ciki da kalma huɗu, me ya kai su wannan dogon kirari? Ban ankara ba na ɗaga hannu. Zarah ta rufe fuska don kunya.

Malama ta ce ƙasar ce ta haɗe ta yi girma a hannun sarki ɗaya, marubuta suka koma fada, su ma suka so maganarsu ta kai girman ƙasar. Ban gamsu sosai ba. Har muka fito ban faɗi abin da ya kai ni ba. Zan koma, kuma wannan karon zan yi magana.

Ki huta lafiya.
Mijinki, Zailani

Stratford, Landan
Ƙarshen Yuli

Zuwa ga Saudatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na ji daɗi da kika ce Inna ta fara cin abinci da kanta, Allah ya ɗorar. Yaya damina? An ce ruwa ya yi gyara a unguwarku, ina fatan bai taɓa ɗakin Inna ba.

Saƙonki ya iso. Kin ce an aike ni in dawo da yarinya, na je na zama ɗalibi. Ba ki yi ƙarya ba, na koma har sau da dama. Amma ki yi haƙuri ki karanta zuwa ƙarshe.

Mun shiga daular Tang, wadda suke ɗauka ita ce ƙololuwar waƙarsu. A nan doka ta yi tsanani: ɗango takwas, kowanne kalma biyar ko bakwai, kuma in murya ta hau a wannan ɗangon, dole ta sauka a daidai wurin a na gaba. Turawan ajin suna ta wahala, ba sa jin bambancin hawa da saukar. Ni kuwa kunnena ya kama. Na gaya wa Malama mu ma haka muke raba kukan yaro da kukar miya, da murya kawai. Ta sa na yi ta maimaita mata, tana dariya tana gwadawa. Zarah ta ce ita ba ta taɓa lura harshenmu na da wannan ba. Na ji kunya, don ni ne ban taɓa zama na nuna mata ba.

Bayan su sai daular Song. Waɗannan sun gaji da layuka masu tsawo ɗaya, sai suka riƙa ɗaukar karin waƙar da 'yan mata mawaƙa ke rerawa a gidajen shan shayi suna ɗora kalmominsu a kai, wani ɗangon dogo, wani gajere. Na tuna malaman garinmu da ke ɗora wa'azi kan karin waƙar niƙa. Wa ya koya wa wa? Babu. Wannan ya fi komai ba ni mamaki.

Yanzu ga maganar da ta fi muhimmanci. A hanyar dawowa na tambayi Zarah da me za ta ci abinci. Da Turanci ta amsa, kamar kullum. Ta ce fassara ko koyarwa, kuma ba ta da tabbas. Sannan ta ce ba tsoron jini take ba, ba kuma lalaci ba ne. In muka ce likita, za ta yi likita, ba za ta saɓa mana ba. Sai dai ta ce, “Baba, zan yi, amma kullum zan san ba nan zuciyata take ba.” Ba ta yi kuka ba. Da ta yi rigima da ya fi mini sauƙi.

Ranar kuma Malama ta ba mu labarin daular Yuan, lokacin da Mongol suka ci ƙasar suka dakatar da jarrabawar shiga aikin gwamnati na tsawon shekaru. Masu ilimi suka rasa abin yi, wasunsu suka koma rubuta wasan kwaikwayo da harshen kasuwa, yau ga shi ana alfahari da su. Ban kawo miki wannan a matsayin hujja ba, don ta yiwu da yawansu cikin talauci suka mutu. Ni ma tsoron da kike ji shi nake ji. Abin da nake roƙo, ki kira ta ke da ita, ba ta bakina ba. Sakamakon jarrabawarta zai fito a watan gobe, daga nan dole ta zaɓa.

Naki, Zailani

Stratford, Landan
Tsakiyar Satumba

Zuwa ga abar ƙaunata Saudatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da Inna. Na ji an ce har tana takawa zuwa tsakar gida. Alhamdu lillahi.

Ban san abin da kuka tattauna da Zarah ba, ta ƙi gaya mini. Na dai ga ta fito daga ɗaki idonta ja, ta ce Mama ta ce Allah ya sa albarka. Na san abin da wannan kalmar ta ci a ranki, na gode. Ta saki gurbin likitan, an ba wani, ba komawa; ta samu na adabin Sin. Ta tare a ɗakin kwanan ɗalibai ranar Lahadi. Da na sauke mata kaya na dawo, gidan ya yi mini faɗi.

Ni dai ban daina zuwa aji ba. Mun kai daulolin Ming da Qing, lokacin da aka fara rubuta dogayen labarai da harshen da mutane ke magana da shi. Manyan malamai sun raina su, har wasu marubutan suka ɓoye sunayensu, amma kowa na karantawa a ɓoye. Na yi dariya ni kaɗai, na tuna littattafan soyayyar da kike turawa ƙarƙashin matashi muna sabon aure, kina zaton ban gani ba.

Malama ta ba kowa aiki ya zaɓi zamani ɗaya ya gwada salonsa a harshensa. Na zaɓi 'yar gajerar waƙar Tang mai ɗango huɗu. Ƙidayar kalmomin ta gagare ni, Hausa ta ƙi matsuwa. Ga abin da na samu, kada ki nuna wa Yaya Zulkiflu:

Nan ruwa na sauka kan tagogi,
Can rana na hawa kan katangu.
Na dafa shayi, na zuba kofi biyu,
Na sha ɗaya, ɗayan ya huce.

Da na fassara wa Malama, ta ce ya yi, domin a wannan salon ba a faɗin abin da ke zuciya, sai dai a nuna kofin a yi shiru. To, ni ba mutumin Tang ba ne, Bakano ne da furfura ta cika wa gemu. Ina kewarki, Saudatu. In Inna ta ƙara samun ƙarfi, ki dawo gida.

Allah ya sada mu da alheri.
Mijinki har kullum, Zailani