Cinikin Man Gyaɗata a Zaure

Yaya Hadiza,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ya ƙafar maigidanki? Mu nan Mafara lahiya lau, sai haushi.

Tun da aikin dam ya cika gari da leburori, man gyaɗata ba ya kwana. Shekaranjiya mai dafa wa ma'aikata abinci ya zo takanas, yana son garwa duk mako. To, namiji ba ya shiga, ni ba na fita, sai maigidana Malam ya tarbe shi a zaure. Malam, da bai san yadda ake sayar da tiyar gyaɗa ba! Ina bayan katanga mutumin ya yi tayin da ko gyaɗar ba zai saya ba. Na yi tari. Na ƙara. Malam ya ce, "Na sallama, ba a ja da baƙo." Ya shigo yana tambaya, "Wanga tari naki, a dafa miki citta?"

Ni da suya, ni da matsa, amma bakina bai isa zaure ba.

Ki gai da yara, ki sa ni addu'a. Jibi mai sarin ƙuli zai zo daga Bakura, kuma Malam har ya shimfiɗa tabarma.

Ƙanwarki,
Asabe