Hoto na Ashirin da Takwas

Zuwa ga Malama, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da 'yarmu Likita mai jego, da maigidanta, da jikata, sabuwar amaryata, da har yau ban ga fuskarta ba sai a waya. Yaya ciwon bayan nan naki? Ni lafiyata lau, ba sai kin tambayi kowa ba.

Takarda na rubuto don in na kira ki a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Jiya ɗanmu Babba ya kira ni. Tun da na ji ya fara da tambayar ko na ci abinci, na san da magana a bakinsa. Wai sun yi shawara su uku, bana babu mai zuwa gida hutun ƙarshen shekara. Shi aiki ya riƙe shi, Likita jaririyarta ba ta yi ƙwarin tafiya ba, ke kuma ba za ki baro ta ba, Auta kuwa otel ɗin da take aiki lokacin hutu ya fi cika. Duk na ji. Sai ya kawo maganar hoto. Wai kowa ya ɗauki nasa a inda yake ya tura masa, shi zai harhaɗa mu a kwamfuta mu fito kamar muna tare a kan benci. Har da cewa zai gyara ni in fito sosai. Ji min yaro! Wanda ni na koya masa riƙe kyamara.

Ke shaida ce. Hoto ashirin da bakwai ne jere a bangon falonmu, shekara ɗaya hoto ɗaya. Rana ta uku ga hutu, ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da haske yake sauka a kan bencin ƙofar ɗaki. In kafa kyamara a kan alamar farin fentin nan, in danna, in kwasa da gudu, taki goma sha biyu cikin sakan goma. Shi ya sa babu hoto ko ɗaya da na fito daidai. A wani rabina ne, a wani dishi-dishi, a na tara ma hulata ce kawai da kunne ɗaya, ku kuma duk kuna dariya. To wannan dariyar zai samo a kwamfuta?

Na wuce shekara arba'in ina ɗaukar mutane hoto a shago, ban taɓa saka wanda bai zo ba a cikin hoto. Ba zan fara a kan iyalina ba. Ki gaya musu ranar tana nan, lokacin yana nan. Wanda ke kan benci zai fito, wanda ba ya nan ba ya nan.

Ki shafa min kan amarya.

Mijinki,
Mai Hoto

Zuwa ga Malama,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, ke da mai jego da 'yar jaririya. Amsarki ta zo. Na ga inda kika ja layi biyu ƙarƙashin kalmar taurin kai, kamar kina duba littafin ɗalibi. Na karɓa.

Babba ya aiko direbansa ya ɗauke ni in yi hutu a gidansa. Na ba bawan Allah ruwa ya sha, ya huta, na raka shi har bakin mota, ya koma shi kaɗai. Kada ki yi masa faɗa, ba laifinsa ba ne. In je in zauna a wannan kujerar da mutum ke nutsewa sai an ciro shi, jikoki kowa ya sunkuyar da kai a kan waya? Benci kuma in bar wa wa?

Na buɗe ɗakunan yara na share, na fitar da katifu suka sha rana. Ba wai ina jiran kowa ba ne, tsabta ce kawai. A ƙarƙashin gadon Auta na tsinci takalminta na makaranta wari ɗaya, wanda muka yi sati muna nema har kika ce kare ne ya ɗauke. Na zauna a bakin gadon riƙe da shi, na fi rabin awa. Gidan nan ya yi min girma, Malama. Da safe har yanzu kofi biyar nake sauko da su, sai in mayar da huɗu. Ina kewarku, kuma na faɗa sau ɗaya ke nan, kada ki sa in maimaita.

Yanzu ga maganar da nake so ta tsaya tsakanina da ke. Shekaranjiya na fito da kyamara in gwada. Na danna, na juya zan ruga, gwiwar nan ta dama ta ce ba ta san zancen ba. Sau uku ina gwadawa. Na farko na yi taki bakwai, na biyu takwas, na uku sai da na dafa bango. Da na duba, hoto uku ne na benci babu kowa, a ɗaya ana ganin ƙeyata. Tsohuwar kyamarar nan sakan goma ta sani, ba ta ƙari. In kuma na matso da ita, bencin ba zai fito duka ba, kuma ni ba na matsar da alama.

Tela maƙwabcinmu yana leƙowa ta katanga, ya ga komai. Ya ce ranar zai shigo ya danna min. Na gode masa, na ce a'a. Mutumin kirki ne, amma hoton nan hannun bare bai taɓa danna shi ba.

Saura kwana tara. Kullum da yamma ina gwaji, jiya na kai taki tara. In na kai benci, to. In ban kai ba, bencin zan wanke in sa a firam in rataye, kowa ya zo ya gani. Amma wallahi kada ki gaya wa yaran nan maganar gwiwa. Ba na son a zo min don tausayi.

Mijinki, mai taurin kan,
Mai Hoto

Zuwa ga Malama, wadda ba a ba ta ajiyar magana,

Ina gaishe ki duk da haka. Ina fata kowa lafiya, amarya tana ƙara nauyi, bayanki kuma ya yi sauƙi.

Kin san abin da kika yi. Bari dai in ba ki labarin yadda ya kasance, don Auta za ta ƙara masa gishiri.

Ranar tun uku da rabi na kafa kyamara. Na sa farar rigata, na goge benci, na shafa wa gwiwa man zafi. Haske ya fara sauka, sai na ji ana dukan ƙofar gida da ƙafa, kuma mutum ɗaya ne a duniya yake yi min haka. Auta ce, da rigar aikinta a jiki, jaka a kafaɗa, idanu ja wur. Ta roƙi abokiyar aikinta suka yi musanyen rana, ta shigo motar asuba, kuma washegari za ta koma.

Na tare ta da faɗa. Na ce in tausayi ne ya kawo ta, motar da ta sauke ta ba ta yi nisa ba. Ko kallona ba ta yi ba, halinki sak. Ta jefar da jaka, ta ce ita ba tausayin kowa ta zo ji ba, wurinta ta zo karɓa, kuma in na ci gaba da surutu haske zai wuce. Ta kama hannuna ta zaunar da ni a tsakiyar benci, a wurinki. Na ce ai ba ta san maɓallin ba. Ta ce shekara ashirin tana kallon yatsana.

Malama, ban taɓa zama a bencin nan ina fuskantar kyamara ba. Ashe haka sakan goma yake da tsawo daga wannan ɓangaren! Ta danna, ta kwaso da gudu, takalmi ya fice mata a taki na shida, ta ƙi tsayawa. Ni kuma dariya ta kama ni, irin wadda kuke yi min duk shekarun nan.

Jiya na wanke hoton. Auta ta fito rabi, dishi-dishi, ƙafa ɗaya a sama. Ni kuwa na fito tar, har furfurar gira ana ƙirgawa. Na daɗe ina kallon tsohon nan. Ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya min? Hagu da dama benci ne babu kowa, kuma ban yanke ko kaɗan ba.

Ga kwafi uku a cikin ambulan, naki da na Likita da na Babba. Ki ce wa Babba kada ya kuskura ya cike min gurbin nan da kwamfuta. Mai son a gan shi a wurin, ya san hanya.

Na rataye shi kusa da na ashirin da bakwai. Tun da guduma tana hannuna, na buga ƙusar baɗi ma. Ki gaya wa amaryata ta yi maza ta koyi gudu.

Mijinki,
Mai Hoto