Auta, Zo Ka Riƙe Bakin Yadin

Zuwa ga ƙanena, autan Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidanka. Mu nan Kuala Lumpur da godiya, sai ruwan sama da ba ya fashi kowace la'asar. Ba zan rubuta cikakken sunanka ba, Auta ma ya isa. Wanda ya san mu ya san da wa nake.

Na san ranka zai ɓaci da ka ga wannan a fili, inda kowa zai karanta. Ka yi haƙuri. Na kira ka har na gaji, abin da nake samu kawai guntun saƙon murya da ƙarar motoci a bayanka: "Yaya, bayan zaɓe." Tunda aikin kamfe ya sa kana wuni a kan waɗannan shafukan sada zumunta, na ga gara in ajiye maganar inda idonka yake.

Mama tana wurina a unguwar Bukit Jalil tun watan jiya, ka kuma san da aikin zuciyar da za a yi mata. Abin da ba ka tsaya ka ji ba shi ne an sa rana, kuma ranar ta riga zaɓenku zuwa. Likitan bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ce a shekarunta ana shiga a fito, ana kuma shiga ba a fito ba. Ina jin tsoro, Auta, kuma na gaji da jin tsoron ni kaɗai.

Ni ban taɓa taka Amurka ba, siyasarku a bakinka na koye ta. Kai ka yi mini karatu a waya cewa jam'iyyarku kamar gidan haya take, kowa da ɗakinsa. Akwai ɗakin baƙaƙen fata, musamman tsofaffin matan coci waɗanda ko ana ruwa ko ana rana sai sun bi layi sun jefa ƙuri'a. Akwai ɗakin masu auren jinsi, ba su kai waɗancan yawa ba, amma ba sa gajiya da yawon kamfe, suna kuma buɗe aljihu. Jam'iyya ba ta cin zaɓe sai da su duka, su kuwa ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba. Sai ga ka: baƙi, ɗan coci, kuma mai miji. Ka ce shugabar ofishinku har rungume ka ta yi ranar da ta gane haka.

Ranar Asabar su tura ka taron masu auren jinsi, masu tutar bakan gizo, su ce ka zo da Markus, mijin naka, ku tsaya a gaba inda mai hoto zai same ku, don yawancin 'yan taron farare ne. Ranar Lahadi su tura ka cocin baƙaƙe da kwat da taye, su ce ka yi maganar kuɗin asibiti da na haya da halin 'yan sanda, Markus kuma ya huta a gida. Kai da bakinka ka gaya mini kana zare zobenka a mota kafin ka shiga. Kana dariya kana ba ni labarin tsohuwar da ta nace sai ta haɗa ka da jikarta. Na taya ka dariyar, amma da na ajiye wayar ban iya ƙarasa abincina ba.

Ban ce aikin banza kake yi ba. Ka ce in ɗaya ɓangaren suka hau, takardar aurenka na iya shiga uku, tsofaffin nan na coci kuma su za su fara ji a jikinsu a asibiti. Na yarda da kai. Sai dai wancan zaɓen ma haka ka ce, da aka gama kuwa watanni ka yi kana neman aiki, kuma daga mutanen Asabar har na Lahadi babu wanda ya ɗaga wayarka.

Kwanaki na yi mana tapau, wato ƙunshin abinci, na shinkafa daga mamak, gidan abincin da ke ƙasan beninmu, muna ci ina ƙoƙarin fahimtar da Mama aikinka. Ta saurara har ƙarshe, ta suɗe yatsa, ta ce ai ta san wannan. Haka masu neman kujera suke zuwa zumuntar mata a Kafanchan da gishiri da sabulu, su yi "Halleluya" da ƙarfi, sannan su zagaya wurin samari da wata maganar daban. "Ashe har jirgi ya hau don ya je ya yi wannan," in ji ta. Ka san Mama, ba ta yi dariya ba, ni ce na kusa shaƙewa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka tuna yadin Kirsimeti. Duk Disamba Mama takan sayo bandir guda, mu duka gidan mu ɗinka iri ɗaya. Ba ta taɓa yarda da ma'aunin tela ba. Daga kan hancinta zuwa ƙarshen yatsunta take aunawa, tana ja tana kiran sunan mai rabon, tun daga Baba har kanka. Kai ne mai riƙe bakin yadin in za ta sa almakashi, tun kana tsayawa a kan turmi don hannunka ya kai. Kullum sai ta ce, "Riƙe da kyau, Auta, in ya karkace rigarka ce."

Shekarar da ka kira ka faɗa mata kun ɗaura aure da Markus, Kawu Bulus ya tara dangi ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Da Disamba ta zo, Mama ta auna na kowa, ta iso inda sunanka yake, sai ta ninke ragowar ta sa a akwati. Haka ta yi kowace shekara tun daga nan. Kai kuma kana ganin hotunanmu cikin anko a zauren iyali na waya, ka rubuta "kun yi kyau", ba ka ƙara komai.

Ranar Asabar da ta wuce ta ce in kai ta inda ake sayar da yadi. Na ce Mama, Oktoba fa muke, Kirsimeti da sauransa. Ta zuba mini ido har sai da na gane abin da na faɗa, na je na ɗauko jakata.

Muka hau LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, zuwa titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Tafiyar da nake yi ban ma san na yi ba, da ita sai da muka yi ta tsayawa a bakin shaguna tana maida numfashi, tana yi kamar kaya take kallo. A shagon wani Ba'indiye ta ga batik shuɗi mai zanen ganye, ta ce shi ne. Mutumin ya ɗauko sandar mita, ta ɗaga masa hannu. Na yi masa bayani, ya yi murmushi ya ce boleh, wato ba damuwa, ya ja gefe.

Ta kafa bakin yadin a hancinta ta fara ja. Ta kira sunana, ta kira na maigidana, ta kira na yarana. Na so in taya ta, amma ba ta bari na karɓa ba. Sai na ji ta ce "Auta", ta ja naka cikakke. Na ɗauka an gama, har na juya zan yi wa mai shago magana.

Ashe ba ta saki yadin ba. Sai ta tambaye ni ko wancan na gidanka dogo ne. Shekara da shekaru haka take kiransa, in ma ta kira. Na ce gaskiya daga kafaɗa zuwa sama kawai na taɓa ganinsa a waya. Ta ja, ta ƙara ja, ta ƙara wani hannu guda ko da dogon ne, ta ce, "Markus." Nata rabon ta manta da shi, sai da na tuna mata.

Kada ka ɗauka Mama ta sauya abin da ta gaskata, ba zan yi maka ƙarya ba. Littafinta Mai Tsarki na nan a ƙarƙashin matashi inda ka san shi. A jirgin dawowa, ledar na kan cinyarta, abin da ta ce ke nan: "Ban gane ba, ban kuma ce na yarda ba. Amma ba zan shiga ɗakin tiyata in bar ɗana ba riga ba, shi kuma ba zai sa shi kaɗai a gidansa ba."

Da muka iso gida na riƙe mata, ta yanke na kowa. Da ta zo kan naku biyu sai ta ajiye almakashin, ta bar su haɗe. Na miƙa hannu zan riƙe, ta ture shi, ta ce wannan da mai riƙe shi.

Na tambaye ta kafin in rubuta wannan, na tuna mata Kawu Bulus zai gani, matan zumunta ma za su gani. Ta ce ya karanta, ai ba yadinsa ba ne.

Ba zan ɓoye maka ba, dokar ƙasar nan ma ba ta ƙaunar irin zamanku. In kun zo tare, a filin jirgi da kan titi sai kun yi tafiyar abokai, kuma na san ka gaji da irin wannan. Amma daga ƙofata zuwa ciki babu ranar Asabar babu ta Lahadi. Zoben ka bar shi a yatsanka, ta riga ta gan shi a hoto.

Ka je ka sami shugabar nan taka da ta rungume ka, ka ce mata uwarka za ta shiga tiyata. In sun rasa wanda zai tsaya a hoton Asabar ya kuma sa kwat ranar Lahadi, su ɗauki mutum biyu. Wannan karon "bayan zaɓe" zai iya yin latti, ƙanena.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka, ya ba ka hutun da ka daɗe ba ka samu ba. Ya riƙe hannun likitocin Mama, ya tashe ta lafiya, ya sa ta ga rigunan nan a jikinku. Ya kawo ka da wuri. Amin.

Yadin yana kan teburin falo, almakashin na kansa. Na so in ɗauke almakashin saboda yara, ta hana.

Yayarka da ke duban hanya,
Saratu
Bukit Jalil